Harbi na Biyu: Ranar da Dalma Ta Maƙale a Tsakiyar Bututu

Barewar ta zube nan take, kamar an zare mata ƙafafu. Abin da maharbin ya hango ke nan ta ƙarƙashin farin hayaƙin da ya turnuƙe gabansa, kuma daga wannan hangen ne duk abin da ya biyo baya ya samo asali.

Saurayi ne da bai wuce shekara uku da fara riƙe bindigar da ake ɗurawa ta baki ba. Tasa irin ta dā ce, mai guduma a gefe, wadda ake kifa wa 'yar hular tagulla mai tayar da wuta a kan nono, wato ɗan tsinin da wutar ke bi ta cikinsa zuwa albarushi. Faɗin bututunta rabin inci, wato milimita 12.7, cikinsa da tsagogi murɗaɗɗu masu sa dalma ta fita tana juyi. Ɗurinsa kullum iri ɗaya ne: baƙin albarushi giren 90, kusan giram 6 ke nan, sai dunƙulen dalma mai faɗin inci 0.490 da nauyin giram 11 da rabi, naɗe cikin ƙyallen auduga mai kaurin inci 0.018 wanda ya shafe da kitse. A filin gwaji wannan haɗin bai taɓa ba shi kunya ba. A can yakan goge bututu bayan kowane harbi, kayansa a baje kan tebur, ba mai jiransa, ba abin da ke shure-shure a gabansa.

Ranar da abin ya faru sanyi ya yi tsanani, iska a bushe. Tun kafin gari ya waye ya zauna a gindin bishiya, dattijon da ya koya masa harbi kuma yana can wani gefen kwari, nisan da zai ji ƙarar bindiga amma ba zai ga komai ba. Barewar ta fito a tazarar mita 60 ko kusa da haka. Ya auna bayan kafaɗa, ya ja kunama, ta faɗi.

Sai ya miƙe tsaye. Ya jingine bindiga da bishiya, ya cire hular kansa, ya kaɗa hannu ya kore hayaƙi, ya tsaya yana kallo yana murmushi. Daga baya ya ɗauki bindigar, ba komai a cikinta, ya taka zuwa wajen dabbar. Bai kai rabin hanya ba ya ga kanta ya ɗago. Ta kafa ƙafafun gaba, ta ja jiki, ta koma, ta sake yunƙurawa.

A nan ne ya tuna da ɗuri. Ƙahon albarushin yana cikin rigar sanyi, rigar kuma a zuge har wuya. Ya cire safar hannu da haƙori, ya zuge, ya jawo ƙahon. Ma'auni yana cikin jaka. Ya zuba, hannu na rawa, wani ya shiga ma'auni wani ya zube a ƙasa. Ya juye a bututu. Ƙyallaye suna cikin wani ɗan gwangwani da murfinsa ya ƙi buɗuwa, da ya buɗu kuma kitsen ya daskare, ƙyallayen sun manne da juna kamar an liƙa su. Ya ɓanɓaro ɗaya, ya ɗora a baki, ya lalubo dalma a ƙasan jaka, ya sake komawa laluben guntun sandan nan mai dunƙulen kai da ake fara tura dalma da shi. Ya buga, ta shiga. Ya zaro sandar ɗuri, ya tura, ta tafi kamar taƙi biyu ta tsaya cak. Ya kama sandar daga can sama ya danna da dukan ƙarfinsa. Ta lanƙwasa, ta karye, tsinin ya yanke shi a tafin hannu.

Barewa ta riga ta tsaya da ƙafafunta huɗu, tana tangaɗi. Shi kuwa ga albarushi a gindin bututu, ga dalma a tsakiya, ga sarari fiye da taƙi guda a tsakaninsu. Ya ciro hula ya kifa a kan nono. Yana ɗaga bindigar ke nan ya ji murya ta bayansa.

"Kai yaro, sauke ta. Cire hular nan."

"Baba, za ta tafi!"

"Bar ta ta tafi. Na ce cire."

Ya cire. Dattijon bai samu damar harbi ba, don saurayin yana tsakaninsa da dabbar, kuma kafin ya kauce ta shige duhuwa. Sai bayan awa uku suna bin ɗigon jini suka same ta kwance a bakin rafi, dattijon ya ƙarasa ta da tasa bindigar. Da suka feɗe ta, sai ga dalmar farko ta bi ta saman gadon baya, ta tsinke tsinin ƙashi ɗaya, ba ta taɓa lakar ba, ba ta taɓa huhu ba.

Mintin da ya ɓace kafin a taɓa albarushi

Wanda ya ji labarin nan, abin da zai fara kamawa shi ne karyewar sanda. Ni a ganina ba a nan aka yi asara ba. An yi ta ne a lokacin da saurayin yake tsaye yana murmushi. Dabbar da ta zube a inda take tsaye ita ce wadda ya kamata a fi zargi. Wadda aka sama a huhu ko zuciya yawanci zabura take yi ta ruga, ta je ta faɗi can gaba. Zubewa nan take na nufin an taɓa kai, ko wuya, ko ƙashin baya, ko an karya kafaɗu biyu. Idan dalma ta ratsa kusa da ƙashin baya ba tare da ta yanke laka ba, girgizar kan sumar da dabba na ɗan lokaci, sannan ta farfaɗo ta tashi. Wannan ɗan lokacin kyauta ce aka ba maharbi, kuma shi ne kaɗai lokacin da zai yi ɗuri hankalinsa kwance. Saurayin ya ƙarar da shi wajen kallo da tafiya da bindiga wofi.

Ƙa'idar da tsofaffin maharba ke bi ba ta da wuya: ka harba, idonka ya bi dabbar har ta ɓace ko ta faɗi, kunnenka ya riƙe inda ƙarar gudunta ta tsaya, ka lura da bishiyar da ta bi ta gindinta, sannan ka yi ɗuri a inda kake, kafin ka ɗaga ƙafa. Ko ka tabbata ta mutu. Da ya yi haka, ko da kayansa a watse suke kamar yadda suke, da ya gama ɗuri kafin ta ɗago kai.

Dalilin da ya sa dalma ta biyu ta fi ta farko gardama

Baƙin albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana fita ne a matsayin hayaƙi da toka, wani kuma ya manne a bangon bututu ya cika tsagogi. Idan akwai laima a iska, wannan dauɗar kan zauna da taushi. Idan iska ta bushe, cikin ɗan lokaci sai ta ƙanƙare. Haɗin da saurayin ya zaɓa matsattse ne da gangan, don matsi ne ke sa ƙyalle ya cika tsagogi, ya hana wuta tserewa ta gefen dalma, harbi ya tafi daidai. A bututu mai tsabta yana shiga da ɗan ƙarfi. A bututu mai dauɗa, da ƙyallen da kitsensa ya daskare bai iya jiƙa komai ba, sai dalma ta dinga tara toka a gabanta tana tafiya, har ta gina wa kanta shinge. Bai taɓa gwada ɗuri na biyu ba tare da goge bututu ba, ko sau ɗaya, cikin shekara uku.

Matsalar ta girme shi nesa ba kusa ba. Lokacin da sojojin Ingila suka karɓi bindigar Ezekiel Baker a 1800, an haɗa wa masu riƙe ta da 'yan gudumomin katako na buga dalma a baki. Mai bindigar Baker yakan yi harbi biyu a minti, alhali mai bindiga marar tsagogi yana yin uku ko fiye. Idan faɗa ya yi zafi, sai su bar ƙyalle su jefa dalma tsirara, su sayar da daidaito su sayi sauri. Abin da ya warware wa sojoji wannan ƙulli shi ne harsashin da hafsan Faransa Claude-Étienne Minié ya inganta wajejen 1849: ya fi bututu ƙanƙanta kaɗan, yana zurarewa ƙasa ba gardama, gindinsa da rami, wuta na tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagogi. Ko da shi ɗin ma, sojan da ya ƙware harbi uku yake yi a minti, wato daƙiƙa 20 kowane ɗuri, kuma wannan mutum ne da aka yi ta yi wa horo har hannunsa ya haddace aikin. Maharbin da yake zaton zai yi abin da ya fi haka da yatsu a sandare yana ruɗin kansa ne.

Dattijon bai tsaya ba shi tarihi ba. Da suka koma wurin da abin ya faru, sai ya karɓi bindigar, ya tabbatar ba hula, ya ɗiga ruwa kaɗan a bakin bututu ya bar shi ya sauka kan dalmar, ya jira tokar ta jiƙu, sannan ya tura da tasa sandar, yana kama ta taƙi ɗaya kawai daga baki, yana dannawa kaɗan-kaɗan. Ta sauka har kan albarushi. Ya miƙa masa.

"Ka ga yadda ake kama sanda? Kusa da baki. Wanda ya kama ta daga sama, hannunsa yake nema wa tsini."

Inda sauri yake da iyaka

Abin da dattijon ya hana shi yi shi ne mafi muni a duk labarin. Dalmar da ba ta zauna a kan albarushi ba ta daina zama harsashi, ta zama toshiya. Idan wuta ta tashi, ƙarfinta zai taho ya daki abin da ya tare hanya, bututu ya kumbura a wurin, ko ya tsage. Hannun hagu na maharbi kuma a daidai wurin yake riƙe. Saboda haka ne ake yi wa sandar ɗuri alama: ka ɗura bindiga cikin natsuwa, ka zura sanda, ka tsaga layi a daidai bakin bututu. Duk ranar da layin bai sauka daidai ba, ko dalma ba ta kai ba, ko an yi ɗuri biyu, ko an manta albarushi.

Kada a ɗauka ɗuri biyu abu ne da sai wawa yake yi. Bayan yaƙin Getisbag na watan Yulin 1863, a yaƙin basasar Amurka, an tattara bindigogi 27,574 daga filin. Kusan 24,000 daga ciki a ɗure suke. Rabin waɗannan ɗuri biyu ne a cikinsu, kashi ɗaya cikin huɗu kuma daga uku zuwa goma, har an samu ɗaya mai ɗuri 23. Mutane ne da aka horar, amma firgici ya sa suna ta ɗurawa ba su san ba ta tashi ba. Barewa ba ta rama harbi, gaskiya ne, amma bugun zuciyar mai kallon namansa na shirin tserewa yana aiki iri ɗaya a kan yatsu.

Abu ɗaya da saurayin ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa, shi ne bai zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho zuwa bututu ba, duk da gaggawar da yake ciki. Bayan harbi, ɓurɓushin wuta kan iya saura a ciki, a jikin zaren ƙyalle ko a cikin toka. Idan ya kama abin da ke cikin ma'auni, wuta ce za ta yi tsiri ta baki, ta ƙona yatsu in an yi sakaci. Idan ya bi zubin ya hau cikin ƙaho, abin da ke hannun mutum ya zama bam. Shi ya sa bakin bindiga yake karkata nesa da fuska a duk tsawon ɗuri, kuma hula ce ƙarshen abin da ake sawa, ba a taɓa fara ta. Idan kuma aka ja kunama hula ta yi ƙara bindiga ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon inda aka auna aƙalla minti ɗaya, don wuta kan yi nawa a hanya ta tashi daga baya. Babu wani abu a cikin waɗannan da ake ragewa don a sami daƙiƙa biyar.

Abin da aka gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan duk lokacin da saurayin ya ɓata a ɗurin nan ya tafi ne a lalube, kuma maganin lalube a gida ake yin sa. Ya samo 'yan bututun roba masu murfi biyu, gefe ɗaya albarushin da aka riga aka auna, ɗaya gefen dalma a naɗe cikin ƙyallenta. Uku yake ɗauka, a aljihun waje na dama, kuma ba abin da ke shiga aljihun sai su. Guntun sandan farawa ya rataye shi da igiya a ƙirji. Huluna ya jera su a cikin mariƙinsu na tagulla, wanda ke fito da ɗaya a baki a kifa a ja, maimakon tsintar abin da bai kai ƙwayar wake ba da yatsun da ba sa jin kansu. Dattijon shi allo yake amfani da shi, ɗan katako mai ramuka huɗu, kowane rami da dalma a ƙyallenta, a ɗora ramin kan bakin bututu a buga ta wuce. Dabara ce tsohuwa, kuma har yanzu ban ga abin da robar ta fi ta da shi ba, in ban da tana ɗauke da albarushi.

Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na haɗin kansa. Ɗurin farko saurayin ya bar shi yadda yake, matsattse, tunda a natse ake yin sa a bututu mai tsabta. Na biyu da na uku ya koma ƙyalle mai kaurin inci 0.010, da maiko mai ruwa-ruwa wanda sanyi ba ya daskarar da shi. Ya je fili ya gwada yadda abin zai kasance a daji: harbi ɗaya da matsattse, sannan biyu da sassauƙa ba tare da goge bututu ba. A mita 50 duka ukun suka faɗa cikin faɗin tafin hannu. Ya kuma tsinci ƙyallayen da suka faɗi gaban bindiga ya duba, don siririn ƙyalle kan ƙone ko ya yage idan albarushi ya yi masa yawa, kuma da zarar ya yage harbi ya watse. Nasa sun fito da baƙin zobe a tsakiya amma ba huji. Harbi na biyu kusan kullum na kusa ne, kan dabbar da ta riga ta ji rauni. Daidaiton da ake nema a can bai kai na farko ba, abin da ake nema shi ne dalma ta sauka da turi ɗaya.

Sun yi gardama kan goge bututu. Saurayin yana ganin a zura ɗanyen ƙyalle sau ɗaya kafin ɗuri, ya kashe wuta ya kwashe toka. Dattijon ya ce idan ƙyallen ya jiƙe da yawa, ko aka tura dauɗa ta toshe 'yar hanyar da wuta ke bi daga nono, an sami bindigar da ba za ta tashi ba a lokacin da aka fi buƙatarta. Shi yakan jiƙa ƙyallen dalmar da yawu idan ya san yanzu zai harba, amma ba ya barin irin wannan ɗurin ya wuni a ciki, don yana sa tsatsa, a sanyi kuma yana ƙanƙarewa. Ina ganin kowannensu yana da gaskiya a wurinsa: idan dabba ta ɓace kuma jira za a yi, a goge, idan tana gabanka tana yunƙuri, sassauƙan haɗi aka tanada don wannan.

Sandar katako kuwa saurayin ya maye ta da ta roba mai ƙarfi wadda ke lanƙwasa ba ta karyewa, ya yi mata alama. Sannan ya yi abin da ya fi kowanne gundura: ya dinga maimaita ɗurin a fili, sanye da rigar sanyin da safar hannun, a durƙushe, agogo na tafiya. Daga fiye da minti biyu ya sauko ƙasa da daƙiƙa 40, kuma mafi yawan ɗurin yana yin sa idonsa na kan abin da ya auna.

Wani zai ce ai da ya sayi ta zamani ya huta. Tun da Tony Knight ya fito da MK-85 a Amurka a 1985, wadda wutarta ke shiga ta bayan albarushi kai tsaye, yawancin masu farauta da bindigar ɗuri a can suka koma irin ta. Ana jefa wa irin ta ta yanzu curarrun ƙwayoyin albarushi guda biyu, kowace a madadin giren 50, a bi da harsashi cikin rigar roba, a sa mata hular 209 irin ta harsashin bindigar tsuntsaye. Ba aunawa, ba ƙyalle. Amma ita ma wasu nau'o'in albarushinta kan bar ƙanƙararren zobe a daidai inda harsashi ke zama, mutum ya ji turi ya tsaya ya zaci ya kai alhali da saura, wato dai matsalar saurayin ce ta sake riga. Doka ma ba ko'ina ta yarda da ita yadda take ba. Jihar Kolorado ta hana ƙwayoyin da rigar robar da madubin hange a lokacin farautar bindigar ɗuri, Fensilbeniya kuma tana da lokaci na musamman bayan Kirsimeti wanda bindiga mai ƙanƙara, wato mai tashi da dutsen ƙyastu, kaɗai ake fita da ita. Ƙwayoyin kuma ba a yi su don bindiga mai guduma a gefe irin tasa ba, ba kullum wutar hularta ke kama su ba.

A shekarar da ta biyo saurayin ya sake zama a gindin wata bishiyar. Barewa ta fito, ya harba, ta zabura ta yi hagu da wutsiya a ƙasa. Bai tashi ba. Ya bi ta da ido har bayan wani kututture, ya ji ƙarar karyewar ƙirare sau biyu, sannan shiru. Hannunsa ya shiga aljihun dama. Ya ɓalle murfi, ya juye, ya kifa ɗaya gefen, ya buga, ya tura, layin sanda ya sauka daidai baki, ya sa hula, ya mayar da guduma rabin ɗani, inda kunama ba ta sakinta. Ya zauna rabin awa bindiga a kan cinya. Jinin da ya tarar a inda ta tsaya ja ne mai haske da kumfa, na huhu. Ya same ta a bayan kututturen ta riga ta sandare.

Da yamma dattijon ya tsaya yana kallonsa yana harba ɗuri na biyun a jikin wani ruɓaɓɓen gungume, don kada ya koma gida da shi a cikin bututu.